Har yaushe za mu ci gaba da yi wa gwamnati aikinta da karo-karo?

Ranar Juma'ar da ta wuce, ana idar da sallah sai ladan ya ɗauki lasifika ya ce mai gari yana roƙon magidanta kar kowa ya tafi, akwai magana a ƙofar fada. Tun kafin mu zauna na san zancen, taransifomar garinmu ce, wata biyar kenan da ƙonewarta, kuma wannan shi ne karo na uku a 'yan shekarun nan da ake cewa kowane gida ya kawo wani abu a kai ta gyara. Aka yanka wa kowane magidanci dubu uku, masu injin niƙa da masu shago kuma su ba da abin da ya fi haka. Ko wata biyu ba a yi ba da irin wannan zaman, wancan na kuɗin tifar ƙasa ne da za a cike inda ruwa ya cinye hanyarmu ta fita bakin titi.

Wani matashi ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, wai ba za a rubuta wa hukuma ba ne? Kafin mai gari ya ce wani abu sai Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dattijon da ake jin maganarsa a garin, ya juyo ya ce masa, "Yaro, ku daina jiran gwamnati. Gwamnati ba za ta iya yi wa kowa komai ba, mu taimaki kanmu kawai." Jama'a suka ce gaskiya ne Baba. Aka yi addu'a aka watse.

Na biya dubu ukuna a ranar, kuma in an sake kira zan sake biya, don ba zan ware kaina daga jama'a ba. Amma wallahi maganar Kawu ta tsaya min a rai har yau.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, hanya da wuta da shara haƙƙinmu ne a wuyan gwamnati, aikinta ne da ta karɓi kuɗinsa kuma ta yi rantsuwa a kansa. Duk ranar da muka haɗa kuɗi muka toshe ɓaraka sannan muka yi shiru, to mun sauke mata nauyi ne a kyauta, kuma mun koya mata cewa mutanen ƙauye za su iya da kansu, sai dai a tuna da su ranar zaɓe.

"Ai aikin gayya gadonmu ne"

Wannan ita ce amsar farko da za a ba ni, kuma gaskiya ce. Da gayya iyayenmu suka yi noma, da ita suka ɗaga jinka, da ita ake yashe rijiya, a yi yaɓen masallaci, a share maƙabarta kafin damina. Ba ni da ja a kan wannan ko kaɗan.

Amma ku duba duk abin da na lissafa, aiki ne da fartanya da kwando da ƙarfin samari za su gama shi a wuni ɗaya ko biyu. Kwalbati fa? Kwalbati yana son injiniya da zai auna inda ruwa ke bi da yawansa, yana son rodi da siminti da tsakuwa, yana son greda ta daidaita hanya ta fitar mata da magudana a gefe. Mu abin da muke iyawa shi ne mu sayi tifar jar ƙasa uku ko huɗu mu zuba a ramin, samari su baje da shebur, a ji daɗi sati uku, ruwan watan Agusta na farko ya zo ya kwashe ta gaba ɗaya ya kai gonar wani. Baɗi a sake. Shekara nawa muna wannan? In da za a tara abin da garinmu ya zuba a ramin nan ɗaya, na tabbata an wuce kuɗin ƙaramin kwalbati, kuma har yanzu ramin yana nan.

Kuɗin talaka ne fa ake binnewa, kuɗin da ya kamata ya tafi taki ko maganin yara.

"Babu kuɗi a hannun gwamnati"

To bari mu yi lissafi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya tsaya a wajen rantsar da shi ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba, cikin kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. Abin da aka gaya mana shi ne kuɗin da ake narkarwa a tallafi za a juya su zuwa ayyukan da za su amfani jama'a. Kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun daga lokacin, gwamnonin da kansu ba sa musun haka.

Waye ya biya wannan ƙarin? Mu ne. Mai acaɓa da ke kai mu bakin titi ya ninka kuɗinsa, kuma ba laifinsa ba ne, wajen 'yan bumburutu yake sayen mai a galan don babu gidan mai kusa. Mai noman rani a fadama da yake tayar da injin ban ruwa sau biyu a sati, wasu sun rage faɗin gonar, wasu sun bar noman alkama da shinkafar gaba ɗaya. Mai niƙa ya ƙara, mai kai kaya kasuwa ya ƙara. Mutumin ƙauye ya ɗauki nauyin cire tallafin nan fiye da kowa saboda komai nasa nesa yake, asibiti nesa, kasuwa nesa, banki nesa.

Dattawa za su tuna 1994 lokacin da Abacha ya ƙara kuɗin mai ya koma naira 11, aka kafa PTF, asusun yin ayyuka da kuɗin ƙarin, aka ɗora Buhari a kai. Ba yabon mulkin soja nake ba, kuma na san an yi ƙorafi a kan yadda aka ba da wasu kwangilolin. Abin da nake so a lura da shi, a lokacin mutum yana iya nuna titi ko maganin asibiti ya ce wannan daga ƙarin kuɗin mai ya fito, allon ma yana kafe a wurin. Yanzu ƙarin ya ninka wancan nesa ba kusa ba, ni dai a yankinmu ina neman abin da zan nuna da yatsa.

Sannan masu cewa mutanen ƙauye ba sa biyan haraji, dan Allah su zo kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, su ga yadda ake yankar rasit a kan dabba da buhu da rumfa da motar da ta shigo ɗaukar kaya. Katin wayar da muke sakawa ma akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Wace gwamnatin ma tukuna?

Nan ne inda muke da rauni, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. In muka ce "gwamnati" sai hankalinmu ya tafi Abuja, wurin da ba mu taɓa zuwa ba kuma ba mu san kowa ba, shi ya sa maganar Kawu take shiga kunne, don wa zai je Abuja a kan kwalbati ɗaya?

Alhali kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɓaro-ɓaro: ginawa da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, ban-ɗakunan jama'a, kwashe shara, har da ba da lasisin keke da kura da amalanke da kwale-kwale. Wato mafi yawan abin da ke damunmu kullum a sakatariyar da ba ta wuce tafiyar rabin awa ba aka ajiye shi. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27, kowace da ciyaman da kansiloli da sashen ayyuka da sashen lafiya da ma'aikata masu albashi.

Na san abin da za su ce, kuɗin suna asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, gwamna ne ke riƙe da su. Shekara da shekaru wannan ce amsar, ka je wajen kansila ya ce ciyaman, ciyaman ya ce jiha, jiha ta ce wannan titin na tarayya ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci dai an yi shi. Ko kuɗin sun iso ko ba su iso ba, haƙƙinmu ne mu tambaya da suna da wata da adadi, in sun iso ina suke, in ba su iso ba waye ya tare su. Kansila a cikinmu yake, tare muke sallah, tare muke zuwa suna da jana'iza, babu dalilin da zai sa tambayarsa ta zama rashin kunya.

Hanya

Tsakanin garinmu da kwalta kilomita tara ne. Da rani minti ashirin ne a babur. Da damina kuwa akwai ranakun da mota ba ta shigowa sam, ko akori-kura ce. Bara matar maƙwabcina naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare bayan an kwana ana ruwa, a amalanken shanu aka ɗora ta har bakin titi kafin a samu motar da za ta kai ta asibiti. Allah ya rufa asiri ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Mun yi ta'aziyya mun ce haka Allah ya ƙaddara, kuma haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke hisabi daga kan wanda aka ba amana ba. Malamanmu suna yawan kawo mana abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa yana tsoron ko dabba ce ta yi tuntuɓe a Iraƙi Allah zai tambaye shi me ya sa bai gyara mata hanya ba. Dabba fa, ba mace mai naƙuda ba.

Ga kuma asarar da ba a gani. Mai tumatir ya tsinke kwando goma sha, motar da aka yi alƙawari da ita ta maƙale a caɓi, kafin gobe rabi ya ruɓe. Dillalin da ya daure ya shigo da motarsa zai cire kuɗin wahalar hanya da na gyaran mota daga farashin buhunka, kai kuma ba ka da zaɓi. Kullum ana yi mana wa'azin a koma gona, to an koma, da me za a fito da abin da aka noma?

Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ranar 15 ga Oktoban 2024 ba zai fita daga zuciyar duk ɗan yankin nan ba. Tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru ɗibar man da ke zuba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, aka yi musu kabari na bai ɗaya. Allah ya jiƙansu. Na ji masu cewa ai su suka kai kansu, kuma eh, ɗibar man tanka ganganci ne, dole mu ci gaba da faɗa wa yaranmu haka. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Tankar nan daga Kano ta taso za ta Nguru. Tsakanin Kano da Nguru akwai layin dogo tun 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, kakanninmu ta nan suka fitar da gyaɗa. Aka bar shi ya lalace, duk wani kaya mai nauyi da mai haɗari ya dawo kan titi ɗaya da ke ratsa tsakiyar garuruwa, inda yara ke talla a gefe. Waye ke duba lafiyar tankokin nan? Waye ke duba awa nawa direba ya yi bai runtsa ba? Motar kashe gobara mafi kusa tana ina? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da karo-karon magidanta zai amsa.

Haka a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari inda mutane fiye da 20 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Mutane suna cunkusa a jirgin ruwa ɗaya ne saboda hanyar ƙasa zagaye ce mai nisa. Ƙayyade yawan fasinja da tilasta rigar kariya aikin hukuma ne, kuma ba sai bayan an yi jana'iza ba.

Ina murna da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, har da reshe zuwa Dutse. Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai jirgin ba zai shigo gonata ya ɗauki buhu ba, sai na fito da shi ta kilomita taran nan tukuna.

"Wuta ai yanzu ta 'yan kasuwa ce"

Haka ne, a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni masu zaman kansu. Amma waye ya miƙa? Waye ya ba su lasisi, waye ke yanka musu farashi? Gwamnati ce, kuma ta riƙe wa kanta kaso a cikin kamfanonin. In ka ba wani kiwon dabbobinka suka yi ɓarna a gonar mutane, ba za ka ce ba ruwanka ba.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, hukumar da ke kula da harkar wuta ta ƙasa, NERC, ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da turaku da waya ba aikin masu amfani da wuta ba ne, aikin kamfanin rarrabawa ne. Mu kuma sau uku muna haɗa kuɗi, mu ɗauki hayar motar da za ta kai ta birni, mu biya mai gyara, mu biya waɗanda za su ɗora ta, in wutar ta dawo kuma a kawo mana takardar biya kamar ba abin da ya faru. Kayan ba namu ba, gyara namu.

Za a ce mutanen ƙauye ba sa biyan kuɗin wuta, wasu ma satar ta suke. Akwai masu yi, ban ɓoye ba, kuma haramun ne, duk wanda ya ja waya ta bayan gida ya ci haƙƙin maƙwabcinsa. Amma a ba mu mita mana. Mutum yana da ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya, an kawo wuta kwana shida a wata, a rubuto masa kuɗin ƙiyasi, ya za a yi ya biya da daɗin rai?

Tun 2020 aka raba masu wuta aji-aji a fili, a Afrilun 2024 kuma 'yan ajin farko da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana aka kai musu farashi naira 225 kan kowane ma'auni. Kowa ya san inda ɗan kasuwa zai karkata wutarsa, inda kuɗi suke. Ban ga laifin ɗan kasuwa don ya nemi riba ba, dama don ita ya fito. Shi ya sa ake da gwamnati, don ta tsaya wa wuraren da riba ba za ta kai ba. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, gidajen rediyo suka ɗauka, manya suka yi magana, aka yi ta taro har aka gyara. Mu namu duhun wata biyar ne yanzu, babu wanda ya ji labari.

Wasu kuma sai su ce ku sayi sola mana. Alhajin da ke da hali ya saya, mai cajin waya ya saya, masallaci ma an sa masa. Bazawarar da ke sayar da ƙuli-ƙuli fa? Mai walda fa, da mai niƙa, waɗanda ƙaramin faranti ba zai ɗauki injinsu ba? Samarinmu masu sana'ar hannu duk sun tafi birni, kuma rashin wuta yana cikin abin da ya kore su. Asibitin sha-ka-tafi namu da fitilar waya ake karɓar haihuwa in dare ya yi, allurar rigakafi kuma sai an ɗauko ta a akwatin ƙanƙara daga wani gari.

A 2023 an gyara tsarin mulki kuma an sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki da ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu. Uzurin "wannan na tarayya ne" ya faɗi kenan. Muna da rana da ba ta yankewa, muna da dam ɗin Tiga tun zamanin Audu Bako, muna da na Challawa. Ƙaramar tashar sola guda da za ta riƙe asibiti da rijiyar burtsatse da masu sana'a a gari kamar namu, da injinan ban ruwa masu aiki da rana a kan rance mai sauƙi ga manoman fadama, ba abin da ya fi ƙarfin jiha ba ne.

Ga maganar girki ma. Ana ta cewa a daina sare itatuwa hamada na tahowa, kuma gaskiya ne, ni kaina na ga gawo da ɗorawa da suka ɓace a gonakinmu. To matar da aka hana ta icce da gawayi, gas ya fi ƙarfinta, kananzir ba a maganarsa, da me za ta dafa tuwo? Sai an ba ta madadi kafin hani ya yi aiki.

Shara, wadda kowa ke ɗora mana laifinta

A nan na san za a ce ai ku ne ƙazamai, gwamnati ce za ta share muku ƙofar gida? A'a. Sharar gida da tsakar gida da kwatar ƙofar gida tamu ce, addini ma ya ɗora mana, kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Wanda ya zuba shara a lambatu ya yi laifi ko da hukuma ko babu.

Amma ku tuna yadda juji yake a da. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar kara, duk abin da ƙasa za ta cinye. Juji dukiya ne a lokacin, da rani a cika mangala a ɗora wa jaki a kai gona, manoman kewayen Kano har sayen sharar birni suke a tifa don taki. Babu wanda ya buƙaci hukuma, don sharar da kanta tana da inda za ta.

Yanzu ka tona jujin garinmu, leda ce. Baƙar leda, ledar fiya wata, ledar omo da ta maggi da ta taliya, kunzugun yara na zamani. Ka kai gona ta hana shuka tsira, garma tana tono ta shekara da shekaru. Ka ƙone ta hayaƙin ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Ka bar ta iska ta kwashe ta rataye a ƙaya, ta toshe kwata, ta cika kududdufin da a da yake ɗaukar ruwan gari, ruwan ya rasa wurin zuwa ya kwanta a gindin katangar ƙasa har ta zube, sauro kuma ya samu gida.

Da bazarar nan tunkiyar mahaifiyata ta fara ramewa tana ci ba ta ƙiba, aka yi magani aka gaji, da aka ga za ta mutu aka yanka. Abin da mahauci ya ciro daga tumbinta dunƙulen leda ne da ya cika kwano. Ita ce jarinta, da ita take sa ran yin hidimar Sallah. Ku tambayi kowane mahauci a kasuwar ƙauye, zai gaya muku wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa.

To ni magidanci ya zan yi da leda? Ban ƙera ta ba, ban shigo da ita ba, ba ni da inda zan kai ta. 'Yan jari bola suna zagayowa su sayi ƙarfe da dalma da tsohuwar roba, ba ka ganin waɗannan a yashe ko ɗaya, saboda suna da kuɗi. Leda ba ta da kuɗi shi ya sa take kwance. Mai iya sa mata kuɗi, ko ya tilasta wa kamfanonin da ke yin ta su karɓi abarsu, ko ya hana sirarar da ba ta da amfani sai sau ɗaya, gwamnati ce kaɗai. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, a nan gida ma Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Ba na cewa a wayi gari a hana gaba ɗaya, dubban mutane a Kano da ita suke ci, mai ƙosai da mai fura ma sai an sama musu abin zubawa. A dai fara daga wani wuri.

Kano na da hukumar kwashe shara ta REMASAB, Jigawa na da hukumar kare muhalli ta JISEPA, amma aikin kwashe shara galibi a manyan garuruwa ake ganinsa, kamar dai an ɗauka ƙauye ba ya tara shara. Ranar kasuwa kaɗai, ledar da ake bari a fili bayan an tashi ta isa cika mota, kuma a wannan kasuwar aka yanki rasit. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in an ce gobe zai shigo har randa sai an wanke. Ma'aikatan nan har yanzu akwai su a takarda. A dawo da su aiki, a ware wa kowane gari fili ɗaya na zuba shara nesa da rijiya, a sa mota ko da sau ɗaya a wata.

Akwai wata sharar ma da ta fi leda haɗari kuma ba mai maganarta, robobin maganin feshi da ake yarwa a bakin fadama, yara su ɗauka su ɗauraye su zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki, da matattun baturan sola da suka fara taruwa a gidaje ana fasa su a tsakar gida don a ciri dalma.

Wanda zai ce siyasa nake, ban ambaci jam'iyya ba, kuma ramin hanyarmu ya ga mulkin jam'iyya fiye da ɗaya.

Ranar Asabar da yamma na je gaida Kawu, na same shi a zaure. Bayan mun gaisa na ce, Kawu, maganarka ta jiya ce ta hana ni barci. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a zamaninsa ya rubuta takardu, ya kai da ƙafarsa, ya zauna a benci tun safe har la'asar, babu wadda aka amsa, gajiya ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa. Na ce to Kawu a ba mu izini mu ma mu gwada, amma wannan karon kar mu daina karo-karon kuma kar mu yi shi a ɓoye, duk abin da aka tara a rubuta, ranar da aka tara da adadin da abin da aka yi da shi, tun daga tifar ƙasa ta farko har gyaran taransifoma na uku, a haɗa da hoton ramin, a kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisarmu na jiha da ofishin kamfanin wuta, kowa a karɓo sa hannunsa cewa ya gani, in wata ya cika shiru a kai gidan rediyo.

Ya ce in kun rubuta ku kawo min, sunana za a fara sawa. Malamin firamarenmu ya karɓi aikin rubutun, ma'ajin kwamiti yana tattaro tsofaffin littattafan karo-karo, ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu kai wa mai gari ya gani kafin a fita da ita. Taransifomar dai tana can wajen mai gyara, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas.